INJIN DA KE GASA HANYA

Daga Yamai zuwa Damagaram tafiyar kusan kilomita 900 ce bisa hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta bi ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Maraɗi da Tasawa. Bisa wannan hanya albasar Galmi take fita kasuwa, bisanta hatsi da siminti da man mota suke kai da kawowa, bisanta kuma motar asibiti take gudu da macen da haifuwa ta zo ma da gardama. Babu direban da bai san ɓarnar rami guda ba. Yana fasa taya, yana karya ƙarfen ƙasan mota, yana sa mai babur ya kauce cikin dare ya haɗu da babbar mota gaba da gaba. Faransawa suna ce ma irin wannan rami gurbin kaza. Sunan ya yi masa sauƙi, domin wani ramin ko tunkiya ta kwanta ciki sai ta ɓace.

A Amurka da Kanada da Ingila akwai wata dabarar gyaran kwalta da ma'aikatan hanya suka daɗe suna aiki da ita. Maimakon a yanke wurin da ya lalace a kwashe a zubar, sai a kifa masa wani inji mai fitar da huci, a gasa shi har ya yi laushi, a kwaɓa shi nan inda yake, a ƙara masa ɗan sabo, a daɓe. Masu saida injin suna yabonsa ƙwarai, kamar yadda kowane mai haja yake yi. Ya kamata ma'aikatan gwamnati da na magadan gari, waɗanda wata rana ana iya aza takardar sayensa gabansu, su san yadda yake aiki, su kuma san irin hanyar da yake amfana, domin ba kowace ba ce.

Huci daban, harshen wuta daban

Mai tsire ba ya cusa namansa cikin wuta. Yana kafa tsinkensa gewayen tukuba, harshen wuta bai taɓa naman ba, amma naman ya gasu har ciki. Haka mai jin ɗari yake miƙa tafin hannunsa ga garwashi daga nesa, ya ji ɗumi ya shige shi. Abin da ke tasowa daga garwashin ya iske hannun wani irin haske ne da idon ɗan Adam ba ya gani, amma fata tana jinsa. Shi ne huci.

Wanda ya fara auna shi wani masanin taurari ne mai suna Wiliyam Harshal, haifaffen Jamus da ke zaune Ingila. A shekarar 1800 ya sa hasken rana ya ratsa ta cikin wani gilashi mai kusurwa ukku, hasken ya rarrabu launi-launi kamar bakan gizo, sa'an nan ya aza ma'aunin zafi bisa kowane launi. Ya ga zafin yana ƙaruwa yayin da ake matsawa wajen ja. Da ya gusa da ma'aunin gaba da jan, inda ido ba ya ganin kome, sai ya tarar zafin can ya fi na ko'ina. Shi ya sa Turawa suka sa ma wannan haske sunan da ke nufin "ƙarƙashin ja", da Faransanci anfraruj. Wajen rabin ƙarfin rana da ke iso ƙasa ta wannan haske yake zuwa.

Bambancin huci da harshen wuta shi ne tushen dabarar duka. In aka haska ma kwalta wuta kai tsaye, samanta yana ƙonewa ya zama gawayi tun cikinta bai yi ɗumi ba, kwaltar da ta ƙone kuwa ta mutu, ba ta sake riƙe tsakuwa. Huci yana ɗumama saman sannu-sannu, zafin ya riƙa sauka ƙasa da kansa, har wurin ya yi laushi ba tare da ya babbake ba.

Yadda kwalta take tsufa

Abin da ake ce ma kwalta, ko gudron a bakin mutanen birni, sunansa ya samo asali daga baƙin danƙon da ake tatsa daga kwal a zamanin da. Na yau daga man fetur ake samunsa: shi ne baƙin dabon da ke saura a gindi bayan an tace man mota da gazuwal. A hanyar da aka shimfiɗa da kwaɓaɓɓiyar kwalta, danƙon bai wuce kashi 5 ko 6 cikin 100 na nauyin shimfiɗar ba. Sauran duk tsakuwa ce da rairayi da garin dutse. Tsakuwa ke ɗaukar nauyin mota, danƙo ke riƙe tsakuwa ya kuma hana ruwa shiga. Ana kwaɓa su a masana'anta da zafin da ya kai digiri 150 ko fiye, a kawo su da zafinsu, a shimfiɗa, a daɓe kafin su huce.

Danƙon kansa abu biyu ne a haɗe: akwai ɓangare mai tauri, akwai ɓangare mai maiƙo wanda ke sa shi lanƙwasa. Rana da iska suna cinye mai maiƙon shekara bisa shekara. Hanyar da aka buɗe baƙa wuluk sai ta koma toka-toka, ta bushe kamar fatar da ba a shafa ma mai ba, ta fara tsagewa. A ƙasar da zafin bazara ke kai digiri 45 a inuwa, saman kwalta yana iya haura digiri 60 da tsakar rana, tsufan kuwa sai ya yi sauri.

Tsaga ita ce ƙofa. A ƙasashen sanyi ruwa yana shiga tsagar ya daskare, ƙanƙara kuwa ta fi ruwa cin wuri da wajen kashi 9 cikin 100, sai ta buɗa tsagar da ƙarfi. In ta narke ta bar kogo, taya ta taka, wurin ya rufta. Shi ya sa biranen arewacin Amurka da Kanada suke wayuwar gari da ramu bila adadin ƙarshen kowane hunturu. Galibin masana'antun kwaɓa kwalta na can kuma rufewa suke yi lokacin sanyi. Wannan matsi yana cikin abin da ya sa injin huci ya samu karɓuwa wurinsu: yana ba ma'aikaci kwalta mai zafi a lokacin da babu inda za a saye ta. A Sahel babu ƙanƙara, amma akwai ruwan damana mai sauka da ƙarfi cikin ƴan watanni. Yana bin tsagar ya jiƙa marmarar da ke ƙarƙashi, marmara ta yi laushi, babbar mota ta bi ta kai. Ramin da aka raina farkon damana, kafin kaka ya ci rabin hanya.

Aikin kansa

Gyaran da aka saba gani shi ne a yanke wurin da zarton inji ko a fasa shi da diga, a kwashe tsohuwar kwalta, a shafa danƙo gefen ramin, a zuba sabuwa, a daɓe. In an yi shi da kyau yana daɗewa. Amma yana da lahani guda da ba ya rabuwa da shi: sabuwar kwalta mai zafi ta haɗu da tsohuwa mai sanyi, ba su zama jiki ɗaya ba. Bakin facin nan ne ke fara buɗewa, ruwa ya shiga, faci ya ɓamɓare ya bar ramin da ya fi na farko. Kowa ya taɓa ganin hanyar da faci ya hau kan faci kamar rigar almajiri. Maƙeri ya san dalili: ƙarfe biyu ba su haɗuwa sai dukansu sun yi ja.

Injin huci kamar babban faranti yake da aka kifa, faɗinsa kamar na tabarma ɗaya ko biyu, ana jansa bayan mota ko a tura shi bisa ƙananan tayoyi. Iskar gas yake ci, irin ta tukunyar girki. Gas yana ƙonewa can cikin farantin, ya ɗumama ƙarfe ko wani irin yumɓu har ya yi ja, jan ƙarfen shi ke sakin huci zuwa ƙasa.

Ma'aikata suna farawa da share wurin tas. Wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne, domin rairayi da ƙura suna tare huci kamar yadda bargo ke tare ɗari, ruwa kuma yana shanye zafin kafin ya kai ga kwalta. Sa'an nan a kifa farantin bisa ramin da gewayensa. Galibi minti 5 zuwa 10 sun isa, gwargwadon sanyin gari da tsufan hanya, har kwaltar ta kai wajen digiri 150 zuwa 170, ta yi laushi zurfin santimita 4 ko 5. Nan ake gane gwani. In aka ɗaga da wuri, saman kaɗai ya narke. In aka yi jinkiri, hayaƙi ya tashi, saman ya ƙone, tilas a kankare shi a zubar. Ma'aikacin kirki yana da ma'aunin zafi a hannu, kuma yana soka manjagara ya ji.

Da an janye farantin sai a shiga da manjagara a kwaɓe tsakiyar wurin, amma a bar baki mai faɗin kamar tafin hannu ko taƙi ɗaya gewaye, mai zafi, ba a taɓa shi ba. Wannan bakin shi ne sirrin aikin, domin da shi gyaran zai manne. A fesa ma tsohuwar kwaltar wani mai da ke maida mata maiƙon da rana ta cinye, a gauraya. Tun da rami rashi ne, abin da ke wurin ba ya isa ya cika shi, sai a ɗebo sabuwar kwalta mai zafi daga wani akwatin ƙarfe da ke riƙe ɗumi bisa motar, a ƙara, a baje, a bar ta ta ɗan fi hanya tudu. Daga nan sai injin daɓe. Da gefe ake farawa, a matse sabuwa cikin tsohuwa tun dukansu suna da zafi, kana a dawo tsakiya. Duk matar da ta taɓa daɓen ɗaki ta san cewa wurin da madaɓi bai ci sosai ba nan ne ke fara tonuwa, hanya ma haka take.

Mutum biyu ko ukku suna gama rami guda cikin kamar rabin awa, in ya huce motoci su bi. Babu ƙarar fasa hanya, babu tarin ɓaraguzan da za a kwashe, kuma sabuwar kwaltar da aka ci kaɗan ce, tun da an maida tsohuwar aiki. Ga ƙasar da ba ta da bakin teku, wadda kowace gangar danƙo sai ta yi doguwar tafiya kafin ta iso ta, wannan abin dubawa ne. Gas ɗin kuwa ana samunsa cikin gida, domin matatar man Damagaram da aka buɗe a shekarar 2011 tana fitar da shi tare da man mota da gazuwal.

Inda huci ba ya kai

Santimita 5 kaɗai injin yake taɓawa. Hanya kuwa ba kwalta ba ce kaɗai. Ƙarƙashin baƙar fatar akwai daɓen marmara ko fasasshen dutse mai kauri, ƙarƙashinsa kuma akwai ƙasar wurin da aka daddale. Su ne ƙashin hanya. In ciwon na fata ne, watau ƙaramin rami, ko tsagar da ba ta yi nisa ba, ko wurin da tsakuwa ta fara zuba, ko ɗan kwarin da ruwa ke kwanciya ciki, ko bakin murfin magudana da ya nutse, to huci yana warkar da shi sarai. Haka nan wurin da masu jan famfo ko wayar lantarki suka tsaga titi suka rufe: in cikon ramin ya zauna, huci yana haɗe bakin facin da titin ya zama kamar ba a taɓa yanka shi ba. Wannan kaɗai babban aiki ne cikin birane, inda ake yawan fasa sabon titi tun bai shekara ba.

Amma in aka ga hanya ta tsattsage ƙanana-ƙanana kamar bayan kada, ko ta lotsa inda tayoyi ke bi, ko tana motsi in mota ta taka, ko tana tofo laka ta cikin tsaga bayan ruwa, to ciwon ya kai ƙashi. A gasa irin wannan wuri a daɓe, zai yi kyan gani mako kaɗan, sa'an nan tsagar ta dawo daidai inda take. Maganinsa sai tono, a fidda ruɓaɓɓen daɓen, a sake shi, a gyara ma ruwa hanyar wucewa. Haka wurin da gazuwal ya jiƙa, kamar bakin tasha da inda manyan motoci ke kwana: gazuwal yana narkar da danƙo, kwaltar da ta sha shi ba ta gyaruwa, sai dai a kwashe ta.

Akwai kuma wata magana da ta fi waɗannan duka nauyi ga Nijar. Baƙar hanya iri biyu ce, ko da yake ido ba ya saurin rarrabe su daga cikin mota. Akwai ta kwaɓaɓɓiyar kwalta, wadda aka bayyana a baya, mai kaurin santimita 4, 5 ko fiye. Akwai kuma ta feshi: a fesa danƙo bisa daɓen marmara, a watsa tsakuwa, a daɓe, a sake fesawa, a watsa tsakuwa mai ƙanƙanta, a daɓe. Kaurinta duka bai cika wuce santimita 2 ba. Ta fi arha nesa ba kusa ba, shi ya sa dogayen hanyoyi da yawa na ƙasashen Sahel da ita aka yi su. Irin wannan hanya ba ta da abin da manjagara za ta kwaɓa. Da an soka sai a iske jar ƙasa. Gyaranta na feshi ne da tsakuwa, kamar yadda aka yi ta. Saboda haka injin huci abokin titunan birni ne, da filayen jirgin sama, da sassan manyan hanyoyin da aka sake shimfiɗawa da kwaɓaɓɓiyar kwalta. Wanda ya saye shi don hanyar feshi ya sayi kayan ado.

Ko a birni ma injin ba ya aiki shi kaɗai. Yana bukatar kwalta mai zafi ta ƙari, watau ko dai masana'anta tana kusa, ko a samu akwatin da ke sake ɗumama tsofaffin gutsattsarin kwalta cikin dare a wayi gari da su da laushi. Yana bukatar man maida maiƙo, wanda sayo shi ake yi. Yana bukatar makaniken da ya san shi da kayan canji a ajiye, in ba haka ba ya bi sahun injunan da ke kwance bayan ofisoshi, ciyawa ta fito tsakanin tayoyinsu, don an rasa wani ƙaramin ƙarfe. Tukwanen gas kusa da ƙarfe mai ja kuma ba abin wasa ba ne a titin da yara ke taruwa kallo.

Nauyin da ke karya hanya

Daga shekarar 1958 zuwa 1960 injiniyoyin Amurka sun yi wani babban gwaji kusa da garin Ottawa na jihar Ilinoyi. Sun gina hanyoyi iri-iri, suka sa motocin kaya suna zagaya su dare da rana, suna auna lalacewarsu. Abin da suka gano har yau da shi ake lissafi: in aka ninka nauyin da ke bisa layin tayoyi guda sau biyu, ɓarnar da yake yi ma hanya ba sau biyu take ƙaruwa ba, wajen sau 16 ne. Ma'ana, ƙananan motoci dubbai ba su yi ma kwalta abin da tirela guda mai lodin wuce kima take yi mata. A shekarar 2005 ƙasashen ƙungiyar UEMOA, har da Nijar, suka amince da dokar da ta ƙayyade nauyin: layin baya guda mai tayoyi bibbiyu kada ya wuce tan 12. Mai kaya yana ganin riba in ya ɗora lodin mota biyu bisa ɗaya. Kuɗin gyaran kuwa daga baitulmali yake fita, watau daga aljihun wanda ko keke ba shi da shi. Hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit, wadda aka gina ƙarshen shekarun 1970 domin ɗaukar karfen yuraniyom, ta nuna abin da nauyi da jinkirin gyara suke haifarwa: an yi shekaru direbobi suna barin kwaltar a wasu sassanta suna bin rairayi gefe don ya fi sauƙi. Babu injin huci da zai tada hanyar da ta kai wannan hali.

Bankin Duniya ya yi lissafin jinkirin a wani rahotonsa na shekarar 1988. Ya ce ƙasashe 85 masu tasowa sun yi hasarar hanyoyi na kimanin dalar Amurka biliyan 45 cikin shekaru ashirin, alhali gyaran da bai kai na biliyan 12 ba da ya hana wannan hasara in an yi shi kan kari. A nan ne ƙaramin inji irin wannan yake da daraja ta gaske. Babban ɗan kwangila ba ya tada motocinsa don rami biyar. Sai an jira ramukan sun yi yawa, an rubuta takarda, an nemi kuɗi, damana biyu ta wuce. Kafin nan yara ne ke cika ramin da ƙasa suna miƙa hannu ga direbobi don dala biyar, ruwan farko ya wanke aikinsu. Ƙungiyar ma'aikata ukku da mota ɗaya kuwa tana iya bin titi bayan titi tana rufe tsaga tun tana tsaga.

Lokacin aikin a Sahel shi ne rani, daga bayan kaka zuwa faɗuwar ruwan farko, sa'ad da ƙasan hanya ya bushe. Da hunturu sai an ƙara himma wajen shara saboda ƙura, da bazara kuma kwaltar tana da zafinta tun da hantsi, injin ba ya cin gas da yawa. Kafin magajin gari ko shugaban sashen ayyuka ya sa hannu bisa takardar saye, akwai binciken da bai fi ƙarfin diga ɗaya da ma'aunin santimita ba. A je titunan da ake son gyarawa, a tona gefen rami goma ko ashirin, a auna kaurin baƙar shimfiɗar, a damƙi marmarar da ke ƙarƙashi a ji ko busassa ce mai tauri ko kuwa tana dunƙuluwa a hannu, a rubuta nawa ne ciwonsu ya tsaya ga fata, nawa ne ya kai ƙashi.